Fis Ɗin Yana Aljihuna

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun isa gida lafiya, ke da 'yata Uwata. Yaya ƙafar taki? Kunnen ba sai na tambaya ba. Ranar da na kira ki a waya na ce na ji sauƙi, cewa kika yi, "Wa ya haihu?", duk ɗakin marasa lafiya sai da suka yi dariya. Ita kuma 'yar tawa ta kashe tata wayar. To ga takarda, direban motar safe zai kawo.

Kada kyan rubutun ya ruɗe ki, ba nawa ba ne. Hannuna na dama yana naɗe. Maƙwabcin gadona ne, wani tela da babur ya karya wa ƙafa, nake faɗa yana rubutawa. Ya ce in riƙa gajarta magana. Na ce masa bai san gidanmu ba.

Lokacin da kika zo ba ni da bakin magana, don haka labarin kin ji shi ne daga waɗanda ba sa wurin. Bari wanda wutar ta kama ya faɗa miki.

Gidan burodin bayan kasuwa ne suka kira mu, wai fitilun ɗakin gashi sun mutu, fanka ta tsaya. Muka je ni da Dogo, mijin Uwata. Ina shiga na ji warin roba, na san zafin murhu ne ya narka waya a cikin silin. Tsaninmu na katako Dogo ya ce ya manta shi a shago, sai na ari na gidan, na ƙarfe.

Tsarinmu tun wurin maigidan da ya koya mini aiki ɗaya ne. Kafin a taɓa waya, a je wurin mita a cire fis, a danƙa wa wanda zai hau, ya sa a aljihun ƙirjinsa. Muddin fis yana aljihunka, babu mai rawar kan da zai zo ya mayar da wuta kana sama. Da wannan tsari na yi aure, da shi na aurar, ban taɓa samun abin da ya wuce ɗan cizo a yatsa ba. Dogo ya cire, ya ba ni, na sa a aljihu, na hau.

Abin da ni ban sani ba, shi kuma ya sha'afa, batura ne. Watannin baya mai gidan ya sa an kafa masa sola a rufi da batura a ɗakin ajiya, don fitilu su zauna in an ɗauke wuta. Dogo ne ya yi aikin da hannunsa, ni ina kwance da zazzaɓi. To ita na'urar baturan ba ruwanta da fis. Da ta ji wutar waje ta tafi, sai ta ce aikinta ya zo, ta cika wayar.

Na jingina kafaɗa da ƙarfen rufi, na kama wayar da filaya mai yagaggiyar roba, sai hannun ya daina zama nawa. Ana cewa wuta jefar da mutum take yi. Ni riƙe ni ta yi, irin riƙon tsohon abokin da ya daɗe bai gan ka ba. Ina ji ina gani, ina son in kira Dogo, haƙora sun ƙi buɗewa. Shi ne ya fizgi dogon katakon da ake zura burodi a murhu, ya doke tsanin, na faɗo kan buhunan fulawa. Da ya tsaya rugawa ɗakin batura, da yanzu ta'aziyya kike karɓa.

Testa kuwa, ɗan abin nan mai ƙwayar fitila da muke gwada waya ko akwai wuta, yana aljihu ɗaya da fis ɗin. Tare aka ciro su a asibiti, lafiyarsu ƙalau.

Yanzu ga dalilin takardar. Na ɗauka kin tafi da Uwata ne don likita ya ce jininta ya hau, ga ciki, a raba ta da ganin asibiti. Sai jiya Dogo ya gaya mini, da ƙyar, kansa a ƙasa, cewa kafin ku tafi ta ce ya aika mata da takardar sakinta. Yaya, ki zaunar da ita. Ki gaya mata maganar katakon. Hannu ne ya ƙone, kada a haɗa da aure.

Ki gaida mutanen gida. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki

*

Gajere,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na gode wa tela da ya jure. Ƙafa da sauƙi. Kunnena kuma lafiyarsa lau, ku ne kuke magana ciki-ciki.

Na ba Uwata ta karanta da kanta. Ta karanta a tsaye, ta ninke, ta miƙo mini. Na ce to, kin ji maganar katakon? Ta ce ta ji, amma da bai manta ba da ba a nemi katako ba. Daga nan ta koma wanke kwanukan da ta riga ta wanke.

Ba ta kuka, abin da ya fi damuna ke nan. Tana ci kaɗan, ƙafafunta sun kumbura, tana zama bakin ƙofar kicin ta ƙura wa makunnin fitila ido. Shekaranjiya ƙwan ɗakina ya mutu, na ɗauko kujera zan hau in canja, sai ga ta ta riƙe mini zane ta hana ni hawa. A duhu muka bar ɗakin har maƙwabci ya zo.

Kai kuma bari in gaya maka gaskiya, tunda ba mai gaya maka sai ni. Tsoho da kai, da furfura har a gira, me ya kai ka cikin silin? Kana da suruki wanda in ya miƙa hannu yana taɓa rufi ko babu tsani. Tun kana yaro haka kake, in an ce kada ka taɓa abu, shi ne za a tarar a hannunka. Har yau ban manta rediyon Baba da ka buɗe don ka ga mutumin da ke ciki ba.

Ba zan kore ta ba. Gidana gidanta ne, kuma mai ciki ba a tura ta mota da faɗa. Amma ban goyi bayan saki ba, na kuma gaya mata. Yaron nan ban taɓa ganin rashin kunyarsa ba, shi ya ɗauke ni a bayansa ranar da na zame a tsakar gidanka. Sai dai ina ji a jikina akwai abin da ba ta faɗa. Fushin nan ya fi ƙarfin mantuwa.

Ka bar wasa ka gaya mini halin hannun. Warin da na ji ranar da suka buɗe shi bai kwanta mini ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Uwata da abin da take ɗauke da shi. Kin ji ni shiru kwana biyu. Ba tela ne ya yi yaji ba.

Hancinki bai yi ƙarya ba. Sun yanke hannun, ƙasa da gwiwa kaɗan. Likitan ya ce wuta daga ciki take ci, abin da ake gani a fata somi ne kawai. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, har na ji tausayinsa na ce masa, ɗana, ni ma in waya ta ƙone ba na lallashinta, yankewa nake in tsira da gidan. Ya yi dariya, ni ma na yi. Da ya fita ne na juya fuskata bango.

Abin mamaki, yatsun da babu su har yanzu suna yi mini ƙaiƙayi. Da safe na miƙa hannu zan ɗauki kofi, ina mamakin me ya sa kofin bai taso ba. Tela ya ce in aiko masa da rigunana duka ya naɗe hannun dama ya ɗinke. Wai ragowar yadin zai yi wa jikana hula.

Abokan sana'a suna ta zuwa dubiya, kowa da tambayarsa, wai yaya aka yi irina ya faɗa wannan. Na daina ba su dogon labari. Cewa nake, fis a aljihu ya ƙare, yanzu gida ɗaya ƙofar wuta biyu ce ko uku. Ka kashe ta waje, ka nemi ta janareta, ka nemi ta batir, sa'an nan ka gwada wayar da kanka, ko mahaifinka ne ya ce maka ya kashe. Suna gyaɗa kai. Na san wasu ba za su ji ba sai ta cije su, ni ma haka na gyaɗa wa wasu kai.

Dogo ne abin tausayi. Kullum shi ke fara shigowa in an buɗe ƙofa. Shi ke yi mini wanka, shi ke kai ni bayan gida, shi ke ba ni abinci a baki kafin hagu ta koyi hanya. Bai yarda mu haɗa ido ba. Ya rufe shagon, masu aiki suna zuwa suna komawa. Rannan soket ɗin kusa da gadon tela ya yi ɗan tartsatsi, sai na ga ƙaton nan ya miƙe ya fita, na hango shi ta taga ya dafa bango yana numfashi kamar wanda ya yi gudu.

Ya ce mini in ta sake nema zai rubuta mata takardar, don tana da gaskiya. Na ce masa ai ni ne waliyyinta, kuma ban mutu ba tukuna, ya ajiye alƙalaminsa sai na fita daga nan. Ya ce to. Amma irin "to" ɗin wanda ya riga ya yanke wa kansa hukunci ne.

Tunda kin ce akwai abin da ba ta faɗa, ki ce mata ubanta yana son ya gani da rubutunta. Hannu na rasa, idona yana nan.

Allah ya saka miki da alheri.

Ƙanenki

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka da jiki. Allah ya ba ka lafiya, ya sa abin da ya tafi ya zama sanadin rahama. Gwaggo ta gaya mini maganar hannun. Na rasa abin da zan rubuta a kai, ka yafe mini.

Ka ce in faɗa, to zan faɗa.

Ka tuna bara, ranar da ka zo gidanmu ka tashi daga tabarma jiri ya ɗebe ka, ka riƙe ƙofa ka ce yunwa ce? Bayan ka tafi na zaunar da surukinka. Na ce masa Mama ta rasu ta bar mini kai kaɗai, kuma na gaji da irin zaman da na ga ta yi, in ka yi jinkirin dawowa ta kasa cin abinci, kowace sallama ta ji sai gabanta ya faɗi. Na roƙe shi abu ɗaya, kada ka sake hawa tsani. Ka tsaya a ƙasa ka nuna, shi ya hau. Ya ce mini, "In dai ina wurin, ƙafar Baba ba za ta taɓa tsani ba." Ban gaya maka ba, don na san halinka.

Tun daga ranar, in ya dawo aiki ina zuba masa abinci sai na tambaya, Baba bai hau ba ko? Ya ce bai hau ba. Kullum haka.

A asibiti ne, ina tsaye a baranda, na ji ma'aikatan gidan burodin suna yabonka. Ɗaya ya ce tsohon nan akwai ƙarfin hali, ko a watan jiya ya gan ka kan rufin makaranta. Wani ya ce shi ma ya gan ka a silin kantin magani. Suna ta lissafi, ni ina jin kowane wuri yana sauka a ƙirjina.

Mantuwa ta ɗan Adam ce, Baba, da ita kaɗai ce da na haƙura. Amma mutum ya karɓi kwano daga hannuna, ya kalle ni, ya ce bai hau ba. Yanzu in ya ce mini ana ruwa, sai na leƙa waje. Yaya zan zauna haka? Yaya zan ba shi ɗa ya riƙe, ya ce mini ya kula?

In an sallame ka zan zo in yi jinyarka a ɗakinka. Zan share, in dafa, in wanke. Amma can gidan kada ka ce in koma.

Ina neman albarkarka.

'Yarka

*

Zuwa ga Uwata,

Wa alaikumus salam. Allah ya yi miki albarka, ya sauke ki lafiya. Na karanta takardarki, na sake karantawa, na sa tela ma ya karanta mini don in ji ta da kunne. A tsakiya ya tsaya ya ce mura ce ta kama shi.

Ashe abin da ake yi mini ke nan. Shekara guda ina cewa yaron nan ya lalace da mantuwa. Yau ya manta tsani a shago, gobe ya ara wa maƙwabci. In muka isa wurin aiki kafin in cire takalmi ya riga ya haye. Wata rana ya ce in tsaya a ƙasa in riƙe masa tocila, da rana tsaka. Ni kuwa na ɗauka so yake ya nuna wa mutane tsoho ya ƙare. Sai na riƙa yi masa wayo ni ma, in aike shi sayen waya, kafin ya dawo ina sama.

Bari in gaya miki abin da ban gaya wa gwaggonki ba. Ranar, da na jingina tsanin aro, ya zo ya riƙe shi, fis yana hannunsa. Ya ce, "Baba, bari in hau." Mai gidan burodin yana wurin, da masu kwaɓa fulawa, sai ya ce, ai tsoho ka bar wa yara. Maganar ta shige ni. Na dubi mijinki a gaban mutanen nan na ce, "Shagon nawa ne ko naka? Ba ni fis ɗin."

Ya tsaya. Na ga bakinsa yana motsi. Yanzu na san da ke yake magana a ransa. Sa'an nan ya sunkuyar da kai ya miƙo mini. Mutumin da aka yi wa haka ba batura kaɗai zai manta ba, har sunansa.

Da na kai sama hannuna ya je aljihu, ya taɓa testa. Na ji shi, ban manta da shi ba. Sai na leƙo ƙasa na ga Dogo riƙe da tsani, kansa a ƙasa, mutane suna kallonsa. Na ce a raina na riga na kunyata shi sau ɗaya. In na fito da testa yanzu, kamar na ce wa jama'a ko cire fis ban yarda ya iya ba. Sai na bar shi a aljihu, wai ina tausaya masa.

Ƙaryar da ya yi miki tasa ce, ba zan wanke shi ba, na kuma gaya masa. Ya ce in ya faɗa miki gaskiya za ki zo ki yi faɗa da ni, shi kuma bai iya tsayawa tsakanin uba da 'ya ba. Wauta ce. Amma ki sani alkawarin da kika karɓa daga gare shi ba nasa ba ne balle ya bayar. Ƙafar tawa ce.

Za su sallame ni. Likita ya ce zuciyata tun ranar tana tsallake bugu, kada in kwana ni kaɗai, kada in ɗauki ko bokiti. Ɗakina na sa a kulle. Gidan mijinki zan koma, ɗakin da kike ajiye tarkace, ya riga ya share. Na san abin da unguwa za ta ce, tsoho ya tare gidan suruki. Su faɗa. Wanka da bayan gida sai namiji, kuma shi ya saba da nauyina. Shi ma in na bar shi shi kaɗai a gidan nan, ba zai sake riƙe filaya ba har abada. Zan zauna a ƙasa in nuna, yadda kika so. Yanzu ba sai kowa ya yi alkawari ba.

Ban ce ki yafe masa ba, ban ce ki koma ɗakinsa ba. Amma in jinyata za ki yi, can za ki same ni.

Tela ma an cire masa simintin ƙafa, zai tafi. Daga wannan ba ni da marubuci. Ya ce in gaya miki bai taɓa ganin mai taurin kai irina ba, kuma daga takardarki ya gane inda aka yi gado.

Allah ya kare ki.

Babanki

*

Gajere,

Gaisuwa da fatan sauƙi. Wannan karon ban ba direba ba, wadda za ta miƙa maka takardar ka san ta.

Jaka ɗaya ta ɗauka, akwatin yana nan ɗakina. Na tambaye ta inda za ta sauka, ta ce inda Baba yake. Na tambaye ta maganar saki, sai ta zama ita ce mai ciwon kunne.

Kada ka tsare ta da surutu, ka bar su. Ka ce wa Dogo kada ya yi ta ba da haƙuri a bakin ƙofa, ya karɓi jakar kawai.

Kuma ka yafa mayafi a kafaɗar dama kafin ta shigo. Har yanzu da hannu biyu take tuna ka.

Allah ya sa mu gana.

Yayarka